Ranar Da Inuwata Ta Ɓace

Aminci ya tabbata ga Edita da dukkan masu karatu. Ni dattijo ne mazaunin Azare, na tsufa ina karantar da fiƙihu a zaure. Ina so in ba da labarin wata jarrabawa da ta same ni ina saurayi, wadda ban taɓa zama na warware wa kowa ita daga farko har ƙarshe ba.

A wancan zamani ni matashi ne marar yawan magana a garin Katagum, ɗan gidan malamai. Sa'o'ina suna tafiya kallon kokawa ko kamun kifi a kogi, ni kuwa babin lokutan salla ne ya cinye mini zuciya. Tun ranar da malaminmu ya bayyana yadda ake gane zawali, wato gushewar rana daga tsakiyar sama, da tsawon inuwa ban sake samun sukuni ba. Na kafa sanda a tsakar gida, duk lokacin da rana ta take sai in fito in ajiye tsingaro a inda inuwarta ta tsaya. Tawa inuwar ma nakan auna ta da tafin ƙafa, leɓena yana motsi da lissafi. Mahaifiyata takan ce in shigo kafin ƙwaƙwalwata ta dahu, yara kuma suka laƙaba mini Mai Inuwa. Ban damu ba, domin na lura inuwar tsakar rana tana gajarcewa yayin da bazara take kankama, kuma na tabbata akwai ranar da za ta ƙare ƙaf.

Cikin ikon Allah ranar ta faɗo daidai da walimar auren yayana. Baƙi sun cika ƙofar gida, ni ina tsugune gaban sandata. Da rana ta daidaita a tsakiyar sama, sai inuwar ta shige ƙarƙashin sandar, babu saura. Farin ciki ya ɗauke ni, na fita ba hula ba takalmi, na tsaya gaban dattawa ina shaida musu cewa inuwa ta ɓace, tawa ma ta shige ƙarƙashin ƙafafuna, su taso su gani. Baffana ya miƙe, ya riƙe hannuna cikin tausasawa, ya fara tofa mini addu'a a ka. Na ji wani yana faɗa ƙasa-ƙasa cewa karatu ya taɓa yaron.

Aka kai ni wurin wani mai magani a wani ƙauye na bakin kogi. Aka aske mini kai, aka turara ni da hayaƙi, aka kulle littattafaina a adaka. Duk sa'ad da na yi ƙoƙarin bayani, bayanin nawa ne yake zama hujja a kaina, sai mai maganin ya gyaɗa kai ya ƙara garwashi. Amma duk wannan bai kai ciwon abin da ya biyo baya ba. Bayan na dawo, wata La'asar liman bai fito ba, na matsa gaba kamar yadda aka saba sa ni, sai wani tsoho ya ja gefen rigata, ya ce da ni cikin ladabi Malam ƙarami ya huta tukuna. Na san ma'anar wannan fiye da shi, domin na karanta cewa hankali sharaɗi ne na limanci da na shaida. A ranar na fahimci mutanen garinmu sun cire ni daga sahun waɗanda ake karɓar maganarsu.

Na tuge sandar da hannuna. Na koma Azare, na koyi zama a majalisa, ina taya hirar farashin gero da dariyar abin da bai ba ni dariya ba, har aka shaide ni da natsuwa. Na yi aure, na tara ɗalibai, aka riƙa kira na shaidar ɗaurin aure da rabon gado. Sunana ya dawo, amma shekaru masu yawa ban yarda na dubi ƙasa da tsakar rana a gaban mutane ba.

Yanzu ina da jika mace da ta gama jami'a. Tun tana ƙarama take kwance rediyo, ba ta zuwa biki, takan wuni gaban kwamfuta har ta manta da abinci. Na yi ta jiran ranar da za a ce a nema mata magani, sai na ga maƙwabta suna kawo mata 'ya'yansu, suna roƙon Allah ya ba su irin kanta. Ita ce ta ji tsohon laƙabina a bakin yayana, ta matsa mini har na faɗa mata asalinsa. Ta ce ai abin sananne ne, sau biyu yake faruwa a shekara a ƙasarmu, ta kuma nemo mini ranar a na'urarta. Bazarar da ta wuce muka kafa sanda a ƙofar zaure. Ɗalibai da maƙwabta suka kewaye mu da wayoyi, suna cewa Malam yana bincike. Yayana, da aka kawo a babur, ya daɗe yana duban gindin sandar, sannan ya ce ashe gaskiya na faɗa, amma har yau bai yafe mini shinkafar walimarsa da ta huce ba.

Ba na riƙe da kowa a zuciya, domin ƙauna ce ta sa suka yi abin da suka yi, kuma Allah ya raya ni har na ga abin da aka kira hauka ana kiransa bincike. Sai dai ina jan hankalin iyaye da malamai: idan kuka ga yaro ya ƙwallafa rai a kan abin da ba ku gane ba, kada ku yi gaggawar sa masa suna, kada kuma ku jira sai abin ya zama abin yayi kafin ku mutunta shi. Ku tashi ku je ku duba abin da yake nuna muku. Da mutum ɗaya ya bi ni tsakar gida a ranar nan, da ya ga sanda tsaye babu inuwa.