Hular Haƙorin Baba

Baba tela ne, mai aikin hannu a wuyan riguna, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya yanke zare da almakashi ba. Da haƙori yake tsinke shi. Yana da shekara sittin da 'yan kai haƙoransa na sama suka sauko suka rufe na ƙasa ruf, na ƙasan kuma suka riƙa sukar ganɗarsa har jini ya fito. Ya daina cin soya, wato tsire, shi da shagonsa ke kallon masu gashin nama a unguwarmu ta Briketeri.

Shekarar korona ce, aikin biki ya tsaya, telolin layinmu duk sun koma ɗinka takunkumi. Ni na matsa masa muka je wurin wata likitar haƙori a wajen unguwar Cité Verte. Ta ce za a iya gyarawa ko da girma ya zo, da wata roba mai haske kamar ruwa da ake kifawa a kan haƙora, a canza sabuwa duk mako biyu. Sharaɗinta awa ashirin da biyu a baki kullum. Baba ya yarda don kowa bakinsa a rufe yake, ba mai gani. Ya sa mata suna hular haƙori.

Faransancinsa na kasuwa ne, don haka ni ce tafinta. A tasi ya ce mini shi bai saba bare ya leƙa bakinsa ba, in zama masa mayafi a wurin. Na ce to.

Wata uku ina jin daɗin kaina. Ina jami'a a lokacin, ina rubuta waƙoƙi a bayan littattafaina, har na yi ɗaya a kan murmushin da zai dawo. Sai wata rana aka sallame mu da wuri, na biya shago. Na tarar da shi ya duƙufa a kan wata farar shadda, takunkumi a haɓa, zare a haƙori. Hular tana cikin gwangwanin maɓallai. Ya ce robar santsi gare ta, ba ta kama zare, almakashi kuma yana katse masa tunanin zanen. In ya ga la'asar ta yi yakan mayar da ita kafin in dawo. Ya roƙe ni in bar maganar a shago, zai gyara. Na gyaɗa kai.

Da muka koma, likita ta gwada sabuwar roba ta ƙi zama. Ta tambaya ko yana cika awannin. Baba ya dube ni. Da na ce yana ƙoƙari, da an wuce wurin. Amma raina a ɓace yake, ina jin ya ɓata mini abin da na ƙulla. Na zayyana mata komai da Faransanci mai sauri: zaren, gwangwanin, la'asar. Har na ƙara da cewa tsofaffinmu sai a hankali, muka yi 'yar dariya ni da ita.

Ta juya gare shi tana kaɗa yatsa, tana kiransa Papa da muryar da ake yi wa yaron da ya ƙi shan magani. Yana kwance a kujerar, baki buɗe, hularsa ta kai a cinya. Na sassauta kalmominta da na mayar da su Hausa.

Sai da muka sauka a bakin layinmu ya yi magana, a hankali, yana kallon gabansa.

“Uwata, shekara arba'in ina auna mutanen garin nan. Ba na iya mayarwa da yarensu, amma ina ji.”

Ya tsaya ya gaisa da mai shayi kamar kullum, ya shige shago.

Daga ranar bai ƙara cire hular haƙorin ba sai don ci. Ya rataya ƙaramin almakashi a wuya da igiya. Nakan gan shi ya kai zare bakinsa, ya tuna, ya sauke hannu. Aikinsa ya ragu da sauri, kyansa bai ragu ba. Bayan shekara da rabi jinin ya tsaya, haƙoran ƙasa suka leƙo, ya koma cin nama. Inna tana ta sa mini albarka a gaban baƙi, ni kuwa ina sunkuyar da kai, suna cewa kunya ce.

Bai taɓa yi mini faɗa ba. Abin da ya yi kawai, ranar komawa asibiti ta gaba na shirya na fito da jakata, na tarar ya riga ya tafi. Haka ya yi ta zuwa shi kaɗai har aka gama, yana haɗa Faransancinsa da nuni da hannu. Sau ɗaya na ce zan raka shi. Ya yi murmushi, ya ce in zauna in yi karatuna, ai suna fahimtar juna shi da likita.

Na rubuta masa ban haƙuri sau da yawa a takarda. Har yau ban karanta masa ko ɗaya ba.