Sista Ba-Zama da Kwangilar Safar Hannu

A hukumar lafiyar da take aiki babu mai kiranta da sunanta. Sista Ba-Zama suke ce mata, don kujerar ofishinta ta fi sanin nauyin fayil a kan nauyinta. A tsaye take amsa waya, a tsaye take sa hannu, in kuwa dole ta sa ta zauna, ƙafarta za ta yi ta kaɗawa har tebur ya ɗauki rawa.

Shekara goma sha huɗu ta yi a ɗakin haihuwa kafin ciwon baya ya sa aka mayar da ita sashen sayayya. A can ta koyi abin da masu biro ba su sani ba: safar hannu mara kyau ba ta yagewa sai hannu na cikin jini. Shi ya sa duk kayan da aka kawo sai ta taɓa, ta ja, ta ɗaga sama ta duba. 'Yan kwangila na hango ta sai su fara gyara tsayuwa.

Wata shekara hukumar ta nemi wanda zai kawo wa asibitocinta safar hannu. Ranar Asabar da hantsi sai ga yayan mijinta a falonta. Shi ya riƙe mijinta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi makaranta, kuma yana da shagon kayan asibiti.

"Ƙanwata, ni ma zan jefa takardata a akwatinku," in ji shi. "Ban ce ki ba ni ba. Ki ɗan leƙa mini farashin sauran, in san inda zan sa ƙafa."

"Yaya, ambulan ɗin a liƙe suke. Sai ranar buɗewa, a gaban kowa."

"Makullin akwatin fa, a hannun wa yake?"

Yana cikin jakarta, can a kan kujera, kuma dukkansu sun sani.

"Ba zan iya ba, Yaya."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "An ce naka sai naka. Ashe maganar tana da gyara." Ya zura takalminsa ya fita.

Mijinta, da ke zaune a falon tun farko, ya ce, "Maman yara, mutumin nan ubana ne. Leƙe fa kawai ya ce."

"Sauran ma suna da ƙanne," ta ce. "Makulli ne ba su da shi."

Ranar nan ta wanke labulen da bai yi datti ba, ta share tsakar gida sau biyu, ta sauke tukwane ta sake jera su. Ta ɗauki waya za ta kira Yaya ta ajiye, ta sake ɗauka ta ajiye. Litinin da safe ta rubuta takarda cewa ɗaya daga cikin masu nema yayan mijinta ne, ta haɗa da makullin ta kai wa darakta.

Darakta mutum ne mai gudun surutu. Ya ce, "Ai abin da sauƙi. Mu zare takardarsa, kowa ya huta."

"Ranka ya daɗe, laifin me ya yi? Ni zan fita daga kwamitin tantancewa, ba shi ba."

Abu ɗaya ta roƙa: a cire sunayen kamfanoni daga samfurin da kowa ya kawo, a sa lamba, a ba ma'aikatan jinya su gwada da hannunsu. Su sa, su ja, su ɗura ruwa su rataye, a ga wadda za ta ɗiga.

Ranar gwajin ba ta shiga ɗakin ba. Ta je sito, ta dawo, ta leƙa wajen ajiye motoci kamar ta yi mantuwa, ta sake komawa sito, har mai gadi ya tambaye ta ko lafiya. Ita kanta ba ta san abin da take roƙo ba, Yaya ya ci ne ko ya faɗi.

Lamba huɗu ce ba ta ɗiga ba, farashinta kuma bai wuce hankali ba. Da aka buɗe sunaye, ta Yaya ce.

Ta zaci ta huta. Ina! Kafin la'asar magana ta zaga ofis: "Ashe Ba-Zama ta iya zama, a kan kwangila." Wani da ya faɗi ya rubuta ƙorafi, masu bincike suka zo suka yi kwana uku suna juya fayil. Suka ga takardarta da kwanan watan da ya riga buɗe akwati, suka ji daga bakin ma'aikatan jinya, suka wanke ta tas. Sai dai tsegumi a mota ya tafi, wankewa kuwa a ƙasa ta bi shi. Har ta yi ritaya akwai masu yi mata kallon gefe.

A gida ma ba ta sha godiya ba. Yaya ya riƙa faɗa wa dangi, "Kayana ne suka ci, ba ita ba." Da maganar ta iso kunnenta ta ce, "Wallahi bai taɓa faɗin gaskiyar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba." Amma ƙafarsa ta ɗauke daga gidan, mijinta kuma ya yi makonni yana amsa mata magana da ka.

Sai bayan wata bakwai Yaya ya sake takowa, ya zo duba ƙaninsa da zazzaɓi ya kwantar. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa, ya dube ta.

"Bana ma za ku nemi kaya?"

"Za a buga a jarida, Yaya."

Ya girgiza kai, ya dubi ƙaninsa a kwance. "Kai dai ina tausayinka a gidan nan."

Mijin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.