Babin da Yaya Hadiza ba ta rubuta ba

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata, Malama Hadiza, mai kula da laburaren wata makarantar 'yammata a Faskari. Duk shekara in watan ya kama, nakan yi mata sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara, domin na yi wa ɗiyarta ƙarya da sunanta, kuma abin ya hana ni sakat.

Yaya mace ce mai tsokana, ko a gidan biki ba ta barin mutum ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali. A shekararta ta ƙarshe ta fara rubuta labari a waya, tana turawa babi babi cikin zauren mata masu karatu, wanda ni Rabi nake shugabanta daga nan Ƙanƙara. Labarin wani laburare ne da ake garƙame wa kwaɗo, amma duk Juma'a sai littafi ɗaya ya ɓace, ya dawo ran Litinin an yanke shafinsa na ƙarshe. Wa ke yin haka? Maigadi ne, ko shugabar makaranta, ko malamin lissafi mai yawan murmushi?

Abin da ya haukata mata shi ne yadda Yaya ta tsoma kanta cikin labarin. Ana tsakiyar bincike sai ta tsaya ta ce wa masu karatu su yi haƙuri, tuwonta na ƙonewa. Mutanen labarin ma ba su ƙyale ta ba. Maigadi ya taɓa yi mata ƙorafi cewa tun babin baya ta bar shi tsaye a rana ba abinci. Ni kuwa ta mai da ni mai binciken, da sunana da saurin fushina, har da yadda nake tafa hannu in raina ya ɓaci.

A babin da ta tura na ƙarshe, ta tara su duka cikin laburaren, ta kulle ƙofa, ta ce kowa ya zauna, za ta je bikin suna a garin Sabuwa, in ta dawo za ta faɗi mai laifin. Sunan kuwa na gaske ne, a gidan ƙanenmu, can muka haɗu. Muna tsintar shinkafa a bayan ɗaki ta matso ta ce, "Rabi, bari in gaya maki mai yanke shafukan nan, abin ya cika mani ciki."

To ni ce na kafa doka a zaure cewa duk wadda ta fasa ƙarshen labari kafin lokaci sai na fitar da ita, kuma na fitar da mata da dama ba ko tausayi. Sai girman kan shugabanci ya hau ni. Na toshe kunnuwa na ce, "Wallahi ba zan ji ba, sai kin rubuta kamar kowa." Ta yi dariya ta ce in ta mutu ni na jiyo. Zazzaɓi ya kama ta bayan komawarta Faskari, kafin in shirya zuwa dubiya aka kira ni gaisuwa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Laburarenta an jibge buhunan taki a ciki, littattafan suna kwali a lungu. Hanyar Sabuwa da muke bi muna hira, yanzu ba mai hawanta sai da addu'a a baki. Zauren ma ya canza, 'yan yanzu ba su da haƙurin jiran babi, sai su fara leƙa ƙarshe. Na san da sai ta mai da duk wannan abin dariya, ta sa buhun taki ya yi magana.

Ɗiyarta Ummi tana da shekara tara lokacin rasuwar. Da hutun da ya wuce ta zo mani Ƙanƙara, ashe ta samu labarin a wayar wata ƙawar uwarta ta karance shi tas. Muna wanke-wanke ta ce, "Inna, an ce ke ce aminiyar Mama. Ta faɗa maki ko wane ne?" Na dubi idon yarinyar nan, na kasa cewa uwarta ta so faɗa ni na hana. Sai na ji bakina yana cewa malamin lissafi ne, har da ƙawata dalili. Ta ce, "To, Inna," ta ci gaba da ɗauraye kwano.

Bayan ta koma Faskari sai ga saƙo a wayata, babi guda ta rubuta da kanta. Mutanen laburare suna nan zaune inda aka bar su, sai wata baƙuwa mai tafa hannu ta leƙo ta taga ta ce marubuciya ce ta aiko ta da sunan mai laifi. Maigadi ya dube ta ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, ba muryarta ba ce wannan. Mu za mu ci gaba da jira." Innalillahi! Na karanta na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ranar da aka yi rasuwar.

In na auna abin da Yaya ta bari, littattafan sun lalace, labarin bai ƙare ba, zauren ya manta da ita. Amma ta bar yarinyar da ta san muryar uwarta har ta gane ta jabu, ta kuma san yadda za ta kama babba da ƙarya ba tare da ta yi mata rashin kunya ba. Jiran nan shi ne ɗan abin da ya rage wa Ummi na mahaifiyarta, ni kuma na so in raba ta da shi don in rufa wa kaina asiri. Har yau ban amsa saƙonta ba, domin ba maganar waya ba ce. Ran kasuwa zan hau mota in je Faskari. Allah Ya jiƙan Yaya Hadiza, ni kuma Ya ba ni bakin da zan ce wa ɗiyarta ban sani ba.