Ƙarin Igiya a Rijiyar Kan Hanya

Duk faɗin Magarya babu wanda ya kai ni dabara. Abin da ya gajarta a hannun wani, in ya zo nawa sai ya yi tsawo. Albashina na mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, shi ma nakan ja shi har ya kusa taɓa ƙarshen wata, wanda bai san ni ba sai ya rantse da roba aka yi shi.

Wata bazara na kai iyali ganin gida a ƙauyensu, can gefen Yekuwa. Ranar kasuwa surukina ya ba ni amalankensa da san da ke jansa in ɗauko masa irin gyaɗa. San nan kuwa shi ne ransa. In ya yi tari, tsohon ba ya cin tuwo. Da zan tashi, bai dube ni ba, ya ce da iska, "Ba ya son ƙishirwa."

A hanyar dawowa rana ta buɗe, irin wadda ko ƙadangare sai ya nemi hula. Sa ya fara kumfar baki. Na ratse rijiyar wani ɗan ƙauye, na kwance shi daga amalanke, na ɗaure a gindin aduwa. Mata na zaune kan bidonsu na ɗiban ruwa, ba mai ja. Wata dattijuwa ta ce ruwa ya gudu ƙasa, igiya ba ta kai, an tafi aro mai tsawo a maƙwabta.

"Yaushe za a dawo, Inna?"

"Yanzun nan."

Na san yanzun nan na ƙauye, yakan kai la'asar ta gobe. Na zauna, na tashi. Na leƙa rijiya, na leƙa bakin sa, na duba salula babu rezo balle in yi kira, na sake leƙa rijiyar ko ruwan ya ji kunyata ya hau. Da na kasa, sai na ce, "Ku ba ni igiyar nan, yau za ku ga aikin ilimi."

Na kwance rawanina na ƙulla. Guga ta sauka tana lilo a iska. Nan fa kowa ta samu baki. Wannan ta ce a ƙara mata, waccan ta ce a yi mata jela, dattijuwa ta ce, "Tsawaita ta, Mushe, ai ku da tsawaita magana." Wata ta ba da majanyi, wata ta ba da tsohon zane. Na zare mazagin wandona na haɗa, na riƙe wandon da hannu ɗaya. Muka ji guga ta sumbaci ruwa, ta ƙi nitsewa. Saura kamu ɗaya tak!

Na waiga, sai ga igiya sabuwa, mai kauri, a wuyan sa. Dabba ce mai haƙuri, ga gajiya, ga inuwa, ina za shi? Na kwance, na ƙulla, guga ta nitse. Mata suka yi guɗa. Na ja, na ja, har na ji kamar daga Kano nake jawo ruwan nan. Na juye a kwamin shayar da dabbobi, na juya in ce bismilla, babu sa a gindin aduwa sai kashinsa yana tururi.

Kada wanda ya tambaye ni yadda mutum ke gudu a rairayi da wando a hannu. Na bi sawu ya shige cikin na garken Fulani, na dawo. Na hau tudu, na sauka. Duk farin abin da na hango sa ne, har na yi wa wani rumbu kira. Zuciyata kuwa ta riga ta kai shi kasuwar ƙetaren iyaka, an yanka, ana ƙuli da tsire. Na shirya jawabin da zan yi wa tsoho, na rushe, na sake shiryawa, kowanne ya fi na baya tsawo. Na bar wa dattijuwa amanar amalanke da gyaɗa, na kama hanya a ƙasa, ba rawani, kai na tafasa.

Gab da magariba na iso. Ga surukina a ƙofar gida kan buzu, ga sa kusa da shi ya tsoma baki a kwatarniya, ko ɗagowa bai yi ba. Na durƙusa, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a ƙugu.

"Baba, wato abin da ya faru, ita rijiyar ce..."

"Sannu da rana, Malam," in ji shi, yana shafa wuyan san. "Shi tun azahar ya iso. Gobe in za ku ɗauko amalanken, ka ba shi igiyar ya riƙe ka."