Wadda Alkasum Ya Hana wa Ruwa

A tashar Zindar har yau tsofaffin direbobi kan ce Alkasum bai taɓa hana kowa ruwa ba. In na ji sai in wuce abina. Ni Delu ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, kuma na san ya hana mutum ɗaya, don ina wurin.

A wani ƙauye bayan Dakusa aka haife mu. Babanmu manomi ne, gero da ƴar gyaɗa, kuma yana da magana guda da ba ya gajiya da ita: wanda ya roƙe ka ruwa, ka ba shi kafin ka tambayi sunansa. Ni ta kunnen dama ta shiga, ta fita ta hagu. Alkasum kuwa ya riƙe ta gam. Tun yana yaro in aka aike shi rijiya rabin tulu yake kawowa gida, Inna ta yi ta faɗa, gobe ya kuma.

Noma bai karɓe shi ba. Ya zo birni ya yi karen mota, ya koyi tuƙi, ya auri Ladi. Da wasu Turawa masu haƙar rijiyoyi suka tashi komawa ƙasarsu, sai suka yi gwanjon tsohuwar motarsu, irin doguwar nan mai ja da ƙafa huɗu da muke kira kat-kat. Alkasum ya kwashe duk abin da ya tara ya saya. Da ita yake kai mutane da buhuna ƙauyukan da manyan motoci ke kafewa a rairayi.

Raƙuma ya sa mata suna. Na ce masa, “Yaya, ka ci mutuncin raƙumi. Shi yana kwana da kwanaki bai sha ba, wannan kuwa daga tasha zuwa unguwar Birni sai ta nemi ruwa.”

Ban taɓa ƙaunar motar nan ba. Da safe sai an tura ta. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, birki sai an taka sau biyu yake tuna aikinsa, giyar rairayi kuma sai ya doke ta da tafin hannu. Amma in ba ta haƙƙinta, injinta bai taɓa mutuwa a daji ba muddin tana da ruwa. Nan ne cutarta. Radiyatar, wato tulun ruwan da ke gaban injin, ta tsage. Idirisu mai gyara ya liƙe ta da dalma har ya rasa inda zai ƙara liƙewa.

“Alkasum, wannan ta wuce gyara,” in ji shi. “Wata za a sa. Ranar da za ta yi maka tsiya, ba a ƙofar garajina za ta yi ba.”

To a ina za a samu wata? Shekarar fari ce, wadda aka rufe iyaka, kayan gyara daga Kano sun daina shigowa. Sai Alkasum ya koma zuba mata garin kuka don ya toshe tsagar. Mutane na neman ta miya, shi yana kaɗa wa mota. Kuma ba ya fita sai da bido biyu, wato jarkoki, cike da ruwa, ɗaure a baya.

Ƴarsa ta fari Wasila ce. Da aka yaye ta aka kai wa Inna riƙo a ƙauye, kamar yadda ake yi. Kowa na jin kunyar ɗan fari, amma ta Alkasum ta yi yawa. Bai taɓa kiran sunanta ba, “yarinyar nan” yake cewa. Ba ya ɗaukarta, ba ya kallonta a gaban mutane. Sai dai duk zuwansa akwai alewa a aljihu, ya miƙa wa Inna yana duban bango. Ni na san yadda yake sonta, shi ya sa abin yake ba ni haushi.

Damina ta zo ta wuce ba a ga komai ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Kafin bazara gefen hanya ya cika da mushen shanu, har ungulu sun ƙoshi sun daina sauka. Mutanen arewa suka yi ta gangarowa a ƙafa, tabarma a ka, ba mai yi wa wani magana.

A cikin bazarar ne saƙo ya iso cewa Wasila na amai da gudawa, ta daina tashi. Ba ta fi shekara shida ba. Ladi na da tsohon ciki, don haka ni na bi Alkasum.

Mun tarar da rijiyar ƙauye laka take bayarwa. Inna ba ta roƙa ba, randarta kawai ya leƙa, ya je ya kwance bido ɗaya ya juye mata. Ban hana shi ba, uwa ce. Na ɗauki Wasila, ba nauyi, idanunta sun faɗa ciki. Inna ta ce, “Ku kai ta likita a yi mata ƙarin ruwa, kada ku tsaya ko’ina.”

Rana ta take tsaka muka kamo hanya. Ina baya da yarinya a cinya, ina ɗiga mata ruwa da murfin bido. Can gaba, ƙarƙashin wata busasshiyar aduwa, wata tsohuwa ta fito tsakiyar hanya ta ɗaga ƙwarya da hannu biyu.

“Yaya, kada ka tsaya,” na ce.

Ya taka birki sau biyu.

Makiyaya ne da dabbobinsu suka ƙare. Tsohuwar ta ce, “Ɗana, ruwa, don Allah.” Kafin ya kwance bidon wasu sun fito daga bayan ƙaya, mata da yara, kowa da abin tara.

Na rage murya na ce, “Ka gaya musu ƴarka ce a kwance. Za su haƙura.”

Tsohuwar ta leƙo ta taga, ta ga Wasila, har ta fara sauke ƙwaryarta. Ta ce, “Wayyo. Yarinyar taka ce?”

Kalma ɗaya ce ta rage masa. Da ya ce i, na rantse matar nan da ta koma inuwarta. Amma namiji ba ya nuna ƴar fari a gaban baƙi ya ce tawa ce. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ta gidanmu ce.” Ya fara tsiyayawa.

Na ji kamar in shaƙe shi. Ya cika wannan, ya cika waccan, yana kallon bidon na yin sauƙi. Da ya mayar da murfi, abin da ya rage bai fi cikin ƙaramar tukunya ba.

Ba mu yi nisa ba na ji wari kamar an bar miyar kuka a wuta. Tururi ya taso daga gaba. Ya kashe mota. Wurin ba itace, ba sawun taya sai namu. Ya buɗe gaban, ya tsaya yana jiran ta huce, ruwanta na ɗiga cikin rairayi yana ɓacewa. Ya ɗauko garin kuka, ya ɗauko bidon.

Sai Wasila ta buɗe ido. Ba ni ta kalla ba. Ta ce, “Baba, ruwa.”

Ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba sai ranar. Ya tsaya da bidon a hannu, tsakanin taga da bakin radiyatar.

“Kurɓi ɗaya, Yaya,” na ce.

“In na kafa mata a baki ba zan iya janyewa ba, Delu. Kin san ni. In kuma motar ba ta sha ba, nan za mu kwana.” Ya juya mata baya, ya ce, “Sai mun isa.” Ya juye duka, har ya girgiza bidon.

Motar ta tashi. Abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau: ta tashi lafiya lau, ta haye tudun rairayi, ta hau kwalta, ba ta ko yi tari ba har ƙofar asibiti. Tun kafin kwaltar na ji yarinyar ta saki wuyan rigata, numfashinta ya ɗauke. Ban gaya masa ba, na bar shi yana gudu.

Da ya tsaya ya juyo ya ce, “Wasila, mun iso.” Karon farko ke nan da na ji sunan a bakinsa.

Ladi ta haifi namiji bayan haka. An buɗe iyaka, Idirisu ya samo wata radiyatar, Raƙuma ta daina shan ruwa, ta ƙara shekaru tana aiki kamar ba ta ci amanar kowa ba. Alkasum bai daina ɗaure bido biyu ba. Ya kafa randa a ƙofar gidansa, a garin da ake kwana layin famfo, kuma ba a taɓa samun ta a bushe ba. Mutane suka yi ta yabonsa, shi kuwa in an fara sai ya tashi ya bar wurin. Ni da shi ba mu taɓa tayar da zancen ranar ba. Na daɗe ina fushi da shi, daga baya fushin ya koma tausayi, kuma tausayin ya fi ciwo.

A ciwonsa na ajali ni na yi jinyarsa. Zazzaɓi ya busar masa da leɓe har sun tsage. Na ɗebo ruwan randar nan tasa a moɗa, na tallafo kansa, na ce, “Yaya, sha.”

Ya dubi ruwan, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ture moɗar da bayan hannu.

“Sai mun isa, Delu,” ya ce.