Taku Goma Sha Biyu Zuwa Kabarin Hrefna

Shekara talatin da ɗaya Torfi ya yi yana ɗinkin komar masunta a garinmu, a gaɓar tekun Aisland. Gajere ne, mai gemu, magana sai ta kama. Matarsa Hrefna ita ce bakin gidan, ta katanga muke hira da ita. Tun da ta rasu, kullum da hantsi sai ya tafi maƙabartar coci ya zauna yana faɗa mata jiragen da suka dawo da waɗanda ba su fita ba.

Babbar girgizar ƙasa ta zo ranar wata Juma'a da la'asar. Ba a rasa rai ba. Aka kwashe mu duka zuwa Reykjavik, babban birnin ƙasar, muna murna mun tsira. Ashe ƙananan da ke biyo baya su ne masu cin rai. Ɗari-ɗari suke zuwa a yini. Ƙasa ta tsage a bayan coci, kowace girgiza kuma sai ta ƙara mata baki.

Aka fara shigar da mu gari da rakiyar masu ceto, kowa minti goma. Mu muna ɗibar barguna da hotuna, shi Torfi maƙabarta yake nufa, ya auna tsakanin tsagar da kabarin matarsa. Zuwan farko taku goma sha biyu ne. Na biyu, bakwai.

Ya tare Solvi, shugaban masu ceton.

"Ka ba ni mutum biyu da shebur in ɗauke ta daga nan. Awa ɗaya ta ishe ni."

"Haba Torfi! Masu rai ma da ƙyar muke fitar da su. Wurin nan rami ne a ƙarƙashi, in ya rufta da ku me zan ce wa 'yarka?"

"To ni kaɗai zan tona."

"Da wannan bayan naka? Shiga mota, don Allah."

Bai shiga ba sai da 'yarsa Dagny ta riƙe masa hannun riga tana kuka. "Baba, na binne ɗaya. Kada ka sa ni ƙari."

Bayan kwana tara wata girgizar ta zo, ba ma babba ba ce, a birni ko kofi bai motsa ba. Solvi da kansa ya zo ya faɗa. Gefen maƙabartar ya zame, kabari shida sun tafi, har da na Hrefna, ramin kuma ba a ganin ƙarshensa. Torfi ya ce, "Na gode da ka zo." Ya raka shi har ƙofa.

Yanzu yana hawa na biyar a gidan Dagny. Ya rame sosai. In babbar mota ta wuce gilashin taga ya kaɗa, sai ya dafe tebur da hannu biyu. Kwanan baya na kai masa busasshen kifi, na tarar Dagny tana lallashinsa a kafa wa mahaifiyarta dutse a maƙabartar birni, ya samu wurin zuwa.

Ya dube ta.

"Dutse a kan wa?" ya ce.