Tsofaffin Golmo da Ƙarfen Sabis

Mijin yayata ne, don haka ina da ikon faɗar aibinsa, kuma da shi zan fara: Saje Ezekiel taurin kai gare shi. Tun ina 'yar mitsitsiya na san haka, lokacin da yake zuwa golmo gonar babanmu. Ga wanda ba ɗan ƙasar Zuru ba, golmo shi ne noman da saurayi yake yi wa surukinsa shekara da shekaru, shi da abokansa a ƙungiya, kafin a ba shi mata. Ni nake kai musu ruwa. Kowa zai yar da garma ya zo ya sha, shi kuwa ko kallona ba ya yi sai ya kai ƙarshen kuyyar da ya kama. Yaya Leah ta ɗauka burge ta yake son yi. Sai da ta aure shi ta gane haka Allah ya yi shi.

Bayan aure ya shiga soja, kamar yadda rabin mazan unguwarmu suka yi. A Zuru da wuya ka shiga gida ba ka ga tsohon takalmin soja a bayan ƙofa ba. Ya yi yawon duniya da bindiga, ya dawo da furfura da gwiwa mai ciwo. Muka ce ya zauna ya ci fanshonsa. Ina! Sai ga shi ya kama gadi a wani kamfanin waya, yana tsaron ƙarfen sabis da suka kafa bisa wani dutse can bayan Ribah. Ƙauyuka ne zube a gindin dutsen, kuma a ɗaya daga cikinsu ɗiyarsa Dinah take aure.

Da 'yan bindiga suka fara addabar yankin, ƙarfen nan ya zama ran mutane. Manomi ya hango babura a bakin daji, sai ya danna waya, bariki su ji. In janaretan da ke ba ƙarfen wuta ya mutu kuwa, wayar kowa ta zama dutse a aljihu.

Sai direban tankar da ke kawo man dizal ya ce shi fa daga Ribah ba ya ƙara taku ɗaya. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Kamfani ne ya ba ni haushi. Suka duba suka ga wurin ba ya kawo riba, suka ce a kwance kaya. Su ne fa duk ranar 'yancin kai suke cika mana waya da saƙon son ƙasa.

Wata safiya wani matashin injiniya, Abdulrashid, ya hau dutsen da ma'aikata da mota. Ya tarar da ƙofar shinge a kulle, Saje a tsaye daga ciki. Shi injiniyan da bakinsa ya ba mu labari daga baya.

"Baba, buɗe mana," in ji Abdulrashid. "An ce mu kwance injin mu mayar da shi birni."

"Ɗana, in kun kashe shi, da mi mutanen ƙasan dutsen ga za su kira bariki?"

"Baba, tsaro aikin gwamnati ne, mu kasuwanci muke yi. Ni ma aiko ni aka yi."

"Na san aike, ni ma an aike ni inda ban so ba. Mi ya hana injin aiki?"

"Mai. Tanka ba ta wuce Ribah."

"To ku aje man a Ribah. Sauran tafiyar tamu ce."

Abdulrashid ya dubi gwiwar tsohon, ya dubi hawan dutsen. Ya koma gefe ya kira manyansa, kuma da sabis ɗin ƙarfen da ya zo kwancewa ya kira su. Yaron kirki ne, ya tsaya musu da gardama har suka yarda a gwada. Amma suka ce maigadin da ya kulle wa kamfani ƙofa ba zai ƙara sa rigarsu ba. Saje ya tuɓe rigar nan take, ya ninke ta, ya miƙa ta saman shinge.

Yaya Leah ta yi faɗa kamar za ta tashi rufin ɗaki. Ta ce ya rasa aiki, kuma ya ɗauko wa kansa dakon da ko jaki zai ƙi. Saje ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya bi gida gida wurin abokan golmonsa. Abotar golmo ba ta ƙarewa ranar da aka kai amarya. Su ne za su yi maka rufin ɗaki, su ne za su haƙa kabarinka. Haggai, wanda shi ne jagoransu a da, yanzu haƙoransa ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, ya saurare shi ya ce, "Gonar surukinka munka nome, yanzu kuma dutse za mu hau? Wace rana?"

Saje ya je bariki ya nemi izini, don ba a yarda a wuce shingen sojoji da jarkar mai haka kawai. 'Yan kabu-kabu suka ɗauki nauyin kawowa daga Ribah zuwa gindin dutse. Daga nan hawan ya fi ƙarfin babur mai kaya, sai ƙafa. Tsofaffin nan suka jeru, kowa da gammo da jarka a ka, suna waƙar noma da C'lela, yarenmu na Zuru, muryoyi duk sun dushe. Na yi musu dariya har da hawaye. Amma da samarin ƙauyukan suka gani, Musulmi da Kirista, kunya ta kama su, suka shigo layi. Ni ma na rufe teburina na kasuwa ranakun dako, na koma tsohon aikina na kai ruwa.

Lokacin yankan dawa ne abin ya faru. Muna tsakiyar hawa, rana ta fara zafi, waya ta yi kuka a aljihun Saje. Hannayensa biyu suna riƙe da jarka, sai Haggai ya zaro ta ya kanga masa a kunne. Ina kusa, na ji muryar Dinah.

"Baba, sun zo ta bayan rafi muna gona. Maigidana ya kira bariki. Baba, ta shiga! Kira ɗaya, ta shiga. Sojoji sun tare su, ba wanda aka taɓa. Ga yara nan duka tare da ni."

Na dubi Saje. Ruwa dai na gani yana bin kumatunsa. Na tsokane shi na ce, "Saje, kuka kake yi a gaban ƙanwar mata?" Ya ce warin dizal ne ya shigar masa ido. Ni kuwa a ranar, wallahi, da za a tara manyan kamfanin nan a gabana, da na nuna musu wannan tsohon mai ɗingishi na ce ga mijin yayata.

Haggai ya ce, "Sauke ka huta, mutumina." Na miƙa wa Saje kwanon ruwa. Ya dubi ƙarfen can sama, ya gyara zaman jarkar a kansa, ya wuce ni. Sai na bi shi da ruwan har bisa dutse, a can ya sha.